Makullin Ɗakin da Ba Komai a Ciki

Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma ban kai ƙarshensa ba, domin a shekarar mahaifina ya duba hannuna ya ce ya isa riƙe fartanya. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ga ina jera kalmomi ya ɗauka daga jami'a na fito. Amma da wannan aji uku da rabin na shafe shekaru ana kirana Injiniya a ƙauyenmu, manya da yara, har liman, kuma ban taɓa buɗe baki na ce a daina ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Randagi, inda hanyar mota take gajiya ta bar wa babur sauran aikin. Da kamfanin waya ya zo kafa ƙarfen sabis, a gonata suka ga tudun da ya yi musu. Suka kafa ƙarfen, suka zagaye shi da waya, suka ajiye wani farin ɗaki na ƙarfe a gindinsa, mai ƙofa ɗaya, babu taga. Suka ce suna neman maigadi. Na ce ga ni, tunda dama masarata aka tumɓuke.

A cikin ɗakin akwai akwatunan ƙarfe uku masu tsayin mutum, da fitilu kore da ja suna ta ƙifta ido, da na'urar sanyaya ɗaki. A duk yankinmu nan ne kaɗai ake jin sanyi a tsakiyar bazara, kuma ba don ɗan Adam aka yi shi ba.

Injiniyan gaskiya wani ɗan kudancin Kaduna ne, dogo, mai yawan dariya, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Bai son yawan biyo dajinmu, kuma ban ga laifinsa ba. Wata rana ya ja ni ciki ya nuna mini wani baƙin makunni a jikin bango.

"Baba, in sabis ya ɗauke, ka ji janareto na aiki, ka shigo. Ka sauke wannan ƙasa. Ka ƙirga sittin. Ka mayar da shi sama. Ban da shi kada ka taɓa komai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka iya ƙirga sittin dai ko?"

Na ce masa ni na ƙirga matakan ƙarfen nan tun yana kwance a ƙasa. Ya ba ni makulli.

Wannan shi ne ilimina gaba ɗayansa. Akuya ma in an nuna mata sau biyu za ta iya, in dai an ɗauke mata ƙirgan. Amma mutum ba ya fita gaban jama'a da ilimin daƙiƙa sittin, sai ya sa masa riga. Na sayi tabarau a kasuwar Birnin Gwari, na sayi testa irin ta masu gyaran wuta na soke a aljihun gaba. In sabis ya ɗauke aka zo kirana, ba na sauri. Sai na wanke hannu, na cire takalmi a bakin ƙofa, na ce kowa ya ja da baya saboda wuta. In na shiga na sauke makunni, na ƙirga, na mayar, sai in zauna in sha sanyi na rabin awa. Sannan in fito ina share gumin da babu shi, wayoyi suna ta kuka a aljihun mutane, ana cewa sannu Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni kuwa in ce amin, da fuskar wanda ya sha wuya.

Wanda bai zauna a wajenmu ba zai ɗauka sabis na hira ne da gaishe-gaishe. A nan ba a shiga daji sai an tambayi hanya. Kafin babur ya tashi zuwa gari, sai an kira mai shayin ƙauyen gaba, shi ya ga wanda ya wuce da wanda bai wuce ba. Sai a kira mai facin da ke bakin gada. In duk sun ce lafiya, a tashi. In ɗaya ya ce a ɗan dakata tukuna, ba a tambayarsa dalili, sai a kashe babur a koma inuwa. Kuma da la'asar ta yi an rufe tafiya, hanya ta zama ta mutanen daji. Kafin a kafa ƙarfenmu, akwai wani dutse arewa da gari, tafiyar rabin awa, in ka hau ka ɗaga hannu kana ɗan samun sabis ɗin wani ƙarfe mai nisa. Da namu ya zo, ciyawa ta cinye hanyar dutsen. To kun ga irin kujerar da nake kai.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kirana Injiniya ba, taubashiyata. Mahaifinta da mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, don haka tun muna tsirara take kirana bawanta, ni kuma ba ni da kotun da zan kai ƙara. Tana tuyar ƙosai kusa da masallaci, kuma bakinta ya fi man tuyarta zafi.

"Bawana, wai me kake yi ne a cikin akwatin nan?"

"Aikin da ya fi ƙarfin kan mai tuya."

"Kai da ƙofar bayan gidanka ta shekara a jingine? Barci kake yi, kana shan sanyin mutane."

"To in barci ne, da barcina kike kiran 'yarki ta Zariya."

"Allah ya sawwaƙe. Karɓi ƙosai, kada a ce na bar bawana da yunwa."

Mijinta kuwa mutum ne mai shiru, manomi, in muna wannan sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

Wata ranar kasuwar Randagi, da rani, gari duk ya watse, sai ga injiniyan da mota da ma'aikata uku. Suka hau sama suka ɗaura wasu ƙananan akwatuna, suka jera farantan sola, suka kafa akwatin batura a waje da kwaɗonsa, makullinsa kuma ba a ba ni ba. Sannan suka shiga ɗakina suka fara kwance akwatunan nan uku. Na tsaya a ƙofa da tabarau a hanci.

"Gyara za a kai su?"

"A'a, Baba, sun gama aiki. Ka san a da kowane ƙarfe da ƙwaƙwalwarsa a gindinsa. Waɗannan su ke tunani, su raba wa kowace waya hanyarta. Yanzu an mayar da aikinsu manhaja. Kwamfutoci ne a wani gini a birni, su ke yi wa ƙarfe da yawa tunani a lokaci guda. Nan kunne da baki kawai muka bari a sama, sai wancan abu mai kama da faranti da zai kai magana can ya dawo da amsa."

"Akwatin da ke birnin, irin wannan ne?"

"Babu akwati. Kwamfuta ce take yin kamar akwatin."

"Tana yin kamar shi, amma ba shi ba ce."

"Yauwa, ka gane."

Wannan sana'ar kuwa na san ta ciki da waje.

"To in ya ɗauke, wa zai sauke makunni?"

"Daga can za su gani tun kafin ku gani. Suna zaune a kujera za su kashe su kunna."

"Ni fa?"

"Kai gadi, Baba, kamar da. Ka riƙa share wa farantan sola ƙura."

Suka ɗauke akwatuna, suka ɗauke na'urar sanyi, suka ɗauke janareto. Har baƙin makunnin suka kwance, suka bar ramuka huɗu a bango. Ɗakin kansa sai babbar mota, babbar mota kuwa ba ta biyo hanyarmu, don haka suka bar shi. Injiniyan ya ce in ina so in zuba albasa. Bai karɓi makullin ba.

Da yamma mutane suka dawo daga kasuwa suka ga ba a jin ƙarar janareto. Nan ne wurin da mutumin kirki zai ce, jama'a, an sallame ni daga injiniyanci. Ni kuwa na gyara tabarau na ce an kawo sababbin na'urori ƙanana masu ƙarfin gaske, an kuma gargaɗe ni kada ko ƙuda ya leƙa. Aka ce ikon Allah.

Abin haushin, ƙaryar ta yi ta tafiya da ƙafarta. In sabis ya ɗauke, sai in wanke hannu, in cire takalmi, in shiga in rufe. Na kai tabarma da buta da ɗan buhun gyaɗa. Sai in zauna ina ɓarar gyaɗa, wayata a kan gwiwa, ina jiran mutanen birni su yi aikinsu. Da na ga sandunan sabis sun tsaya, sai in fito. Yanzu gumin na gaske ne, domin ɗakin ƙarfe babu taga babu sanyi tanda ne. Kuma mutanen birnin sun fi ni sauri nesa ba kusa ba. Sai aka fara cewa hannun Injiniya ya ƙara faɗawa. Har daga wani ƙauye aka aiko a tambaye ni ko zan duba musu nasu ƙarfen. Na ce aiki ya yi mini yawa.

Haka muka shiga damina, aka yi noman fari, aka fara maimai.

Ranar da nake son faɗa, tun da safe babu sabis. An yi iska mai ƙarfi da yammacin ranar da ta gabata. Na shiga da hantsi, na ci gyaɗa, na fito na ce matsalar babba ce, ana kan aiki. Bayan azahar ina zaune a inuwar ɗakin sai na ga babur ya nufo ni, mutane na biye da gudu. Babban ɗan taubashiyata ne ke tuƙi, magidanci mai 'ya'ya uku, a bayansa mahaifinsa, wani maƙwabci ya riƙe shi. Kububuwa ce ta sari mahaifin a ƙafa yana maimai. An ɗaure, an ba shi jiƙo, amma ƙafar ta kumbura har ƙauri, kuma in ya tofar da yawu da jini a ciki. Kowa a nan ya san abin da wannan ke nufi: sai allura, allura kuwa sai asibitin gari.

"Kawu, hanya muke son tambaya," in ji ɗan. "Tun safe babu wanda ya shigo daga gaba, ba mu san abin da ke ciki ba. In sabis ɗin zai daɗe, bari in hau dutse."

Ga abin da na ce, kuma na rubuta shi yadda na faɗa. Na ce, "Wane dutse, ina raye? Kafin ka kai gindinsa na gyara."

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya saba, ya riga ni. Na cire takalmi, har hannu na wanke, mutumin yana kwance a kan zanin matarsa a gindin shingen waya. Na shiga na rufe ƙofa.

Na zauna a kan tabarma na ɗora waya a gwiwa. Babu ko sanda ɗaya. Na ɗaga ta sama, na kai ta kusurwa, na kashe na kunna. Na miƙe na je wajen ramukan nan huɗu na bango na sa yatsa a ciki, Allah shi ne shaida, har sittin na ƙirga. Na yi addu'a ga mutanen birni, mutanen da ban san fuskarsu ba, na ce ya Allah ka sa wani ya ɗago kai ya dubi allonsa. Kullum ai suna dawo da shi. Yau ma za su dawo da shi, in fito ina share gumi, a kira mai shayi, a tashi. Abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Akwai ɗan tsagi a ƙasan ƙofa inda rana ke shigowa. Na ga hasken ya tashi daga bakin tabarma ya hau kan buta. A waje an daina surutu.

Sai aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Injiniya," in ji taubashiyata. "Injiniya, don Allah."

Ashe ita ma ta yarda. Duk shekarun nan tana zagina, ashe a ranta ta ɗauka akwai abin da na iya. Na so in rubuta cewa a nan na buɗe ƙofa. Ban buɗe ba. Na ce, "Saura kaɗan," da murya irin ta mai riƙe da waya mai wuta. Na koma na zauna. Abin da nake gani a lokacin ba ƙafar mutumin ba ce, fuskokin mutane nake gani in sun leƙo. Dattijo da furfura, yana tsoron a yi masa dariya.

Hasken ya sauka daga kan buta ya kama bango. Na ji ɗan yana cewa a bari ya buga ƙofar da ƙarfi, lokaci na tafiya. Sai na ji muryar mahaifinsa, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Ku bar shi ya yi aikinsa. Kada ku ruɗa shi, wuta ce."

Na tashi na buɗe ƙofar, na tura ta har ta bugi bango, na matsa gefe.

Suka leƙa. Tabarma, buta, tarin ɓawon gyaɗa a kusurwa, da alamar tsatsa a ƙasa inda akwatuna suka taɓa tsayawa.

Na ce, "Babu komai a ciki. Tun rani babu komai. Daga birni ake gyarawa, ni ban iya ba. Ka hau dutse."

Babu wanda ya yi dariya. Ɗan ya dubi ɗakin, ya dubi rana, ya dube ni.

"Yanzu, Kawu? In je dutse in dawo, la'asar ta wuce."

Ya juya ya tada babur. Aka ɗora mahaifinsa, maƙwabcin ya hau baya ya rungume shi. Suka shiga daji ba tare da an tambayi hanya ba, abin da ban ga an yi ba tun da aka fara tambaya. Ba su yi nisa ba ladan ya kira la'asar. Taubashiyata ta tsaya tana kallon inda suka ɓace. Sannan ta naɗe zanin da aka kwantar da shi a kai, ta wuce ta gabana. Mutane suka watse ɗaya-ɗaya. Na nemi takalmina na sa.

Ba mu ji labarinsu ba sai washegari da hantsi. Ina zaune a zaurena, tabarau a aljihu, sai na ji wayoyi sun fara kuka a maƙwabta. Sabis ya dawo da kansa. Daga baya injiniyan ya ce mini iskar ce ta karkatar da farantin wani ƙarfe da ke tsakaninmu da birni, sai da mutum ya hau ya daidaita shi. Ko akwatunan nan uku suna nan, da makunnina, da sittin ɗina, babu abin da za su yi a ranar. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Bai san abin da na yi ba, ni kuma ban gaya masa ba sai a zuwansa na gaba.

Masu babur kuwa sun isa gari lafiya, da magariba. Hanya babu kowa a ranar, Allah ne ya tsare, ba dabarar kowa ba. An yi wa mijin taubashiyata allura, jinin ya tsaya. Amma ƙafar ta ɓaci, sai da aka cire yatsu biyu, kuma har yau yana ɗingishi. Na tambayi ɗan ko likita ya ce jinkirin ne. Ya ce likita ya tambayi lokacin da aka sare shi, aka faɗa masa, ya girgiza kai ya ci gaba da aikinsa. Iyakar abin da na samu ke nan. Na sha lissafawa: da na bar shi ya hau dutse tun farko, tafiya da dawowa, da sun tashi da rana a sama, da sanin hanya. Ko yatsun za su tsira, ban sani ba. Aji uku da rabi bai kai nan ba.

Babu wanda ya zage ni a gari, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Taubashiyata ta koma gaishe ni kamar baƙo. Ina kwana Malam, an tashi lafiya, madalla. In na sayi ƙosai ta ƙulle mini a leda ta miƙo da hannu biyu. Wanda ya san taubasantaka ya san babu zagin da ya kai wannan.

Gonar mijinta kuwa maimai ya tsaya a rabi, ɗan yana asibiti yana jinya, ciyawa ba ta jiran kowa. Ban nemi izini ba. Na ɗauki fartanya, wadda rabona da ita tun kafin a kafa ƙarfe, na je na kama daga inda ya tsaya. Kwana uku na farko bayana ya ƙi miƙewa, sai da na yi salla a zaune. Masu wucewa suna cewa sannu da aiki, ba su ƙara komai a kai ba.

Ina cikin mako na uku aka sallamo shi. Washegari da safe sai ga shi ya dogaro sanda, ƙafa a naɗe da farin ƙyalle, ya zauna a kan kututture a bakin gona. Na ajiye fartanya na je na durƙusa. Na shirya magana tun yana asibiti, doguwa, har da ayar da zan jawo. Na fara, "Wallahi ranar nan..."

Ya ɗaga sandar ya nuna bayana.

"Ka tsallake ciyawa can gindin ɗorawa."

Na waiwaya. Gaskiyarsa, na tsallake.

"Kuma ka riƙa duba inda kake sa ƙafa," in ji shi. "Ba a kashe ta ba."

Na ɗauki fartanyata na nufi gindin ɗorawar.